Tayar da ta ƙi sakin birki

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Jiya Lahadi, a hanyar dawowa daga Miriya wajen gaida Inna, motar ta fara ja dama kamar akuyar da ta hango dusa. Kilomita 18 ne kacal tsakanin Miriya da Damagaram, amma kafin in shigo gari ƙauri ya cika motar, irin ƙaurin nan na takalmin birki da ya sha wuta. Na sauka gefen kwalta na zagaya ina taɓa ƙarfen tayoyi. Uku da ɗan ɗumi. Ta gaba ta dama kuwa, da na tofa mata yawu sai ya yi cuu, ya ƙafe nan take.

Na zauna gindin wata bedi kusan rabin awa. Da na tashi, motar ta gangara sumul kamar ba ita ba. Taka birki biyu na yi a cikin gari, ta sake riƙewa.

Motar Corolla ce ta 2005. Lambar shasinta da SB1 ta fara, wato ƙirar Ingila ce ba ta Japan ba, kuma na saye ta a 2019 cikin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano. Fitilar ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, tana kamawa idan na murɗa makulli, ta yi daƙiƙa uku ta mutu, yadda ya kamata. Babu wata fitila da ta tsaya a kunne. Na fara wannan rubutu ne don na san halina: bayan wata guda zan manta abin da aka canza da abin da aka biya.

Talata, 14 ga Janairu

Na kai ta wajen Baba makanike a Sabon Gari. Shi ke duba mini mota tun ranar da na saye ta, kuma ya girmi mahaifina da kaɗan, don haka ba na yi masa gardama sai da dabara. Ya ce kan birkin, wato ƙarfen da ke matse takalmin birki a jikin taya, shi ne ya cije, ƙurar hunturu ta shiga. Yaransa suka kwance shi, suka wanke sandunan da yake zamewa a kai, suka shafa giris, suka sa sabon takalmi gaba biyu don na daman ya ƙone ya yi ƙyalli kamar tangaran. Jika 14 na sefa har da kuɗin hannu.

Ban kai gida ba ta sake riƙewa.

Alhamis, 16 ga Janairu

Yau ranar kasuwar Dole, gari ya cushe da amalanke da kabu-kabu, ni kuwa ina lallaɓa mota da birkin hannu kamar mai ɗauke da ƙwai. Na isa garaji da hantsi.

Abin da Baba ya yi yau shi ne aikin da ya kamata a fara da shi shekaranjiya, shi ma da bakinsa ya faɗa. Aka ɗaga gaban motar. Ya sa yaro ya taka birki da ƙarfi sau biyar ya saki. Tayar hagu ta juya da yatsa ɗaya. Ta dama ko da hannu biyu ba ta motsa ba.

Ya ɗauki kile, wato sufana, ya ɗan sassauta nonon fitar da iska da ke jikin kan birkin. Man birki ya yi tsartuwa, taya ta saki. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka gani? Ba ƙarfe ne ya cije ba, mai ne ya shiga ya rasa hanyar komawa." Da kan birkin ne ya cije, ko an buɗe nonon tayar ba za ta saki ba.

Zargi ya koma kan tiyon roba mai kai mai ga kan birkin, don tiyo idan ya tsufa yakan ruɓe ta ciki ya zama kamar ƙofa mai buɗewa gefe guda, mai ya wuce ya kasa dawowa. Aka sake takawa, taya ta riƙe. Wannan karon bai taɓa ƙasa ba, ya buɗe bonet ya sassauta bututun tayar dama daidai inda ya fito daga bulok ɗin ABS, dunƙulen da ke raba wa tayoyi mai. Mai ya fito, taya ta saki. Ke nan tiyo lafiya lau, tunda ya bar man ya komo har sama.

Aka taka karo na uku. Ya sassauta bututun da ya taso daga uwar birki, wadda suke kira masta, a inda yake shiga bulok ɗin. Ɗan ɗigo kawai, babu ƙarfi, taya kuma tana nan a riƙe gam. Kowa ya yi shiru. Matsin yana bayan bulok, babu shi a gabansa. Ɓarawon yana cikin wannan dunƙulen alminiyon mai bututu shida.

Wani matashi mai na'urar bincike, wadda a nan ake ce wa baliz, ya zo ya jona ta ƙarƙashin sitiyari. Babu lambar laifi ko ɗaya. Ya bayyana mini dalili, kuma ya gamsar da ni: kwamfutar ABS wayoyi take sa wa ido. Da naɗin wayar bawul ɗin tayar gaba ta dama ne ya tsinke, da ta rubuta C0226. Da injin famfon ne ya cije, da ta rubuta C1251. Amma datti ko tsatsa da ya toshe rami a cikin ƙarfe, ba ta da idon ganinsa. Jika 3 na biya don a gaya mini babu komai, kuma ban ji ciwon kuɗin ba.

Kafin in tafi Baba ya zuƙo man tulun birki da sirinji ya zuba a kofin shayi. Sabon man birki kusan kalar man gyaɗa tatacce gare shi. Nawa ya yi baƙi kamar shayin farko da aka manta a kan gawayi. Ya tambaye ni yaushe rabon da a canza. Na yi ta lissafi, na gane tun da na sayi motar ban taɓa ba. Ƙari kawai nake yi, shi ma daga kowace kwalba na samu a bakin hanya. Ya ɗiga kaɗan a cikin ruwa ya kaɗa, ya narke ya bi ruwan. Ya ce in gode wa Allah, da ya taso sama ya yi ido-ido, to an taɓa zuba man sitiyari ko na inji a ciki, kuma da duk wata roba da ke cikin birkin sai an canza ta, don irin wannan man kumbura su yake yi.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau aka yi muhawarar da na san za a yi.

Maƙwabcin Baba, mai gyaran manyan motoci, ya leƙo ya ce me za a tsaya wahala? A cire bulok ɗin a jefar, a sa mahaɗa mai baki uku guda biyu, a haɗa bututun kai tsaye daga masta zuwa tayoyi. Aikin awa biyu, jika 5. Ya ce rabin motocin da ke zuwa Tanut da Gure haka suke, kuma ABS ɗin nan ma a rairayi cuta ne, kana taka birki feda tana rawa mota tana tafiya.

Ban raina maganarsa ba, don rabinta gaskiya ce. A kan yashi ko tsakuwa, tayar da ta kulle takan tara ƙasa a gabanta ta tsaya da wuri, ABS kuwa ba ya barin ta kulle, sai tazarar tsayawa ta ƙaru. Duk direban da ya saba da hanyar jeji ya san wannan a ƙafarsa. Amma ni ba a jeji nake yini ba. Tafiyata kwalta ce, Miriya kowace Lahadi, Matamaye wani lokaci, da iyali a baya, a hanyar da jaki ko yaro kan faɗo ba sallama. A nan abin da nake bukata shi ne in taka birki iya ƙarfina kuma sitiyari ya ci gaba da jin magana. Tayar gaba idan ta kulle, ko ka murɗa sitiyari har ƙarshe mota miƙewa take yi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan, wanda na kwana biyu ina karantawa a salula har uwargida ta fara tambaya ko jarrabawa zan yi. Tsofaffin motoci suna da wani ɗan bawul na ƙarfe da ke rage matsin man da ke zuwa tayoyin baya, saboda idan aka taka birki nauyi gaba yake komawa, baya ya yi sakayau. A irin tawa an ɗora wa bulok ɗin ABS wannan aiki, shi ne abin da ake rubutawa EBD. Idan aka cire bulok aka haɗa kai tsaye, babu mai rage wa baya. Ranar da aka taka da ƙarfi, tayoyin baya za su iya riga na gaba kullewa, kuma motar da bayanta ya kulle juyawa take yi ta dubi inda ta fito. A tafiyar yau da kullum ba za ka ji bambanci ba ko kaɗan, shi ya sa masu yin haɗin suke rantsuwa lafiya lau ne. Shekara uku kana iya yi ba ka taka irin wannan birkin ba.

Na faɗi haka cikin ladabi. Mai manyan motoci ya yi dariya ya ce, "Malam, boko ya yi maka yawa." Baba bai ce komai ba sai da mutumin ya tafi, sannan ya ce shi ma ya sha yin haɗin, don masu mota ba sa son jin kuɗi, amma idan zan iya jira a nemo wani bulok ɗin, ya fi son haka.

Ga yadda abin yake a ciki, yadda na fahimta, don in na dawo karanta wannan in tuna. Bututu biyu ke shiga daga masta, huɗu ke fita zuwa tayoyi. Layin a gicciye yake: gaba dama da baya hagu a layi ɗaya, gaba hagu da baya dama a ɗayan, don in ɗaya ya fashe a samu abin tsayawa. Kowace taya tana da bawul biyu, na shiga wanda kullum a buɗe yake, da na fita wanda kullum a rufe yake, takwas ke nan. Idan na'urar da ke jikin taya ta nuna tayar na shirin kullewa, kwamfuta ta rufe na shiga ta riƙe matsin. In bai isa ba ta buɗe na fita mai ya zube cikin wata ƴar ma'ajiya, famfo ya kwashe shi ya mayar sama. Sannan ta sake buɗe na shiga. Tana yin haka sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, wannan ce rawar da ake ji a feda. Bosch ne ya fito da irin wannan tsari a motocin Mercedes a 1978. Ramukan ciki ƙanana ne ƙwarai, ɗan datti ya isa ya toshe su. A tawa, hanyar tayar gaba ta dama ce ta cushe: ƙarfin ƙafa yana tura mai ya wuce da ƙyar, amma babu abin da zai turo shi baya da irin wannan ƙarfin.

Litinin, 20 ga Janairu

Na zagaya masu kayan mota na cikin gari. Mutum biyu suna da na Corolla, amma lambobin ba su yi daidai da nawa ba. Ɗaya ya ce, "Ai duk Corolla Corolla ce, Alhaji." Na gode masa na fito.

Na kira ƙanena da ke Kano na tura masa hotuna huɗu: takardar da ke manne a jiki mai lambar Toyota da ta fara da 44510, lambar Bosch da ta fara da 0 265, bakin soket ɗin waya, da saman bulok inda bututu ke shiga. Na ce ya shiga Ƙofar Ruwa, kuma can kada ya ce bulok, ya ce famfon ABS, in ba haka ba za su yi ta kallonsa. Tun da aka sake buɗe iyakar Nijar da Najeriya a watan Maris na 2024 saƙo ba ya wuya, a ba direba da safe ya iso da dare ta Daura da Matamaye.

Motar tana garaji. Na koma hawa kabu-kabu, ƙura har cikin kunne.

Asabar, 25 ga Janairu

Saƙo ya iso jiya da dare, na karɓo a tasha da safe. Tun kafin in gama kwance ledar na san an yi aikin banza. Soket ɗin ya fi nawa faɗi, bulok ɗin ya fi kauri, lambar kuma ba ita ba ce. Matashin mai baliz ya duba ya ce na motar da ke da tsarin hana zamewa ne, mai bawul goma sha biyu, ba zai yi magana da wayoyin motata ba ko an ɗaure shi da igiya.

Na kira ƙanena. Ya ce, "Yaya, wallahi mai shagon ya rantse mini shi ne, har ya ce ya fi naka kyau." Na ce ban nemi wanda ya fi kyau ba, irinsa na nema. Ashe bai buɗe hotunan a gaban mutumin ba, sunan mota da shekara kawai ya faɗa. Na haɗiye sauran maganar don shi ma taimako yake yi, kuma ranar aikinsa ya kashe.

An mayar. Kuɗin mota zuwa da komawa ya hau kaina.

Alhamis, 30 ga Janairu

Na biyu ya iso. Lamba ta yi daidai harafi da harafi. Abin da ya fi faranta mini rai, wanda ya ciro shi daga motar da aka farfasa bai kwance bututun ba, yanke su ya yi ya lanƙwasa bakin ya matse, don haka ƙura ba ta shiga ba. Na farkon ramukansa a buɗe suka zo, har da yashi a ciki. Da canji da kuɗin direba ya tasar mini jika 48.

Baba ya ce ba za a ɗaura ba sai an gwada, an sha mu sau ɗaya. Gwaji biyu aka yi. Aka zare soket daga tsohon aka jona a sabon yana ajiye kan tsumma, aka murɗa makulli: fitila ta kama, ta mutu. Mai baliz ya ba famfon umarni ya yi gurnani na ɗan lokaci, ya bi bawul ɗin ɗaya bayan ɗaya muna jin ƙas, ƙas. Sannan Baba ya cika sirinji da sabon mai ya tura ta ramin masta na farko, mai ya ɓullo ta ramuka biyu. Ya tura ta na biyu, ya ɓullo ta sauran biyun. Abin da ya fara fitowa ruwan zuma ne, ba baƙi ba.

Na sayi man birki DOT 4 lita ɗaya da rabi, a rufe da hatiminsa, na duba da idona. A murfin tulu an yarda da shi. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma idan ya sha ruwa yana saukowa wajen 155, DOT 3 kuwa daga 205 zuwa 140. Man da kansa yake jan danshi daga iska, shi ya sa ake cewa a canza duk shekara biyu. Na daɗe ina ɗauka wannan maganar mutanen bakin teku ce, mu da muke roƙon ruwa me zai same mu? Na manta damina shida motar ta yi a hannuna, ban da waɗanda ta yi a Ingila. Mai shagon ya nuna mini wata kwalba DOT 5 yana cewa lamba ta fi girma. Wannan na siliki ne, ba a zuba shi a mota mai ABS. Na ce a bar shi a kan kanta.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar ɗauri. Na zo tun bayan asuba da sanyi, yara suna jin wuta a bakin garaji.

Aka fara cire kan batir. Baba ya sa aka danna feda kaɗan aka tokare ta da sanda a jikin kujera. Dabarar ita ce idan feda ta ɗan sauka, ramin da ke tsakanin tulu da masta yana rufewa, mai ba zai yi ta zuba ba idan an kwance bututu. Ni kuma na kawo tef da alƙalami na liƙa wa kowane bututu suna, ina kwafe haruffan da aka buga a jikin bulok ɗin kusa da kowane rami. Yara suna ta murmushi. Amma idan aka musanya bututu biyu, birki zai kama lafiya a garaji, sai ranar da ABS ya tashi aiki ya saki tayar da ba ita ta kulle ba. Ban ga abin dariya a nan ba.

Goro biyar suka kwance ba musu da kile 10 mai tsaga, irin wanda ke rungumar goron kusan ko'ina. Na shida, na baya hagu, ya ƙi. Yaron ya ɗauko kile na kullum zai sa ƙarfi, Baba ya daka masa tsawa daga inda yake zaune: "Kai! Ka cinye kan goron nan, kai za ka je Kano da ƙafa." Aka fesa mai, aka jira, aka ɗan ƙwanƙwasa, aka matsa gaba kaɗan sannan baya. Ya yi ƙara ya saki. Kusan rabin awa a kan goro ɗaya.

Mai ya ɗiga a kan fenti. Man birki yana cin fenti, sai an wanke da ruwa nan take, ruwa kuwa a garin nan kowa ya san darajarsa. Jarkar alwalar Baba aka ƙarar, na aika aka sayo masa biyu wajen mai kura.

Aka sauke tsohon da ƙafarsa, wato ƙarfen da yake zaune a kai, aka mayar da robobin zama a kan sabon. Wurin ɗaura bututu Baba bai bar wa kowa ba. Ya bar bulok ɗin yana lilo bai ƙulle ƙafar ba, ya kama kowane goro da yatsu ya murɗa zagaye uku huɗu kafin kile ya taɓa shi. Goron ƙarfe ne, bulok alminiyon, idan ya hau a karkace zaren bulok ɗin ne zai tafi, jika 48 ta bi ruwa. Littafin Toyota ya ce a ɗaure su a kan 15 na ma'aunin ɗauri. Baba ba shi da kile mai awo, yana da hannun da ya shekara arba'in yana yi. Na yi shiru.

Sai fitar da iska. Yaro a kan kujera, Baba a ƙasa da tiyo siriri da kwalba, ni a kan tulu ina ƙari kada ya sauka. Aka fara daga mafi nisa: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. "Taka! Taka! Riƙe!" Feda ta nutse. "Na riƙe, Baba." "Saki." Haka har azahar. Baƙin mai ya yi ta fita, sannan ruwan ƙasa, sannan fari tas ba kumfa. Sama da lita ɗaya ta tafi.

Aka mayar da batir. Fitila ta kama ta mutu. Aka taka sau goma, tayar dama tana juyawa da yatsa ɗaya.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Ban je Miriya ba. Taya ba ta riƙewa, amma feda ta yi laushi kamar an taka katifa, sai na yi famfo sau biyu take tauri. Na duba ƙarƙashin kowane goro da farar takarda, babu jiƙa. Iska ce ta rage. Na kira Inna na ba ta haƙuri, ta ce mota dai ba ta fi ƙafa daɗewa a duniya ba, in hau ta haya.

Talata, 4 ga Fabrairu

Mai baliz ya ce iskar tana ɓoye ne a bayan bawul ɗin fita da cikin famfo, wuraren da a rufe suke idan ana fitar da iska ta hanyar da aka saba. Sai an sa bulok ɗin ya yi aiki sannan take fitowa cikin layi. Ya gwada da na'urarsa, ta kunna famfo da bawul, aka sake zagaye tayoyi huɗu. Kumfa ƙanana kamar gero suka fito a gaba dama da baya hagu. Feda ta gyaru, amma ba ta kai yadda na san ta ba.

Baba ya ce a yi irin tasu. Muka fita bayan gari ta hanyar Tanut, muka sami wani fili mai jar ƙasa da tsakuwa, babu mutum babu dabba. Ya ce in kai 40 in taka kamar zan fasa feda, kada in ɗaga ƙafa ko me na ji. Na taka. Feda ta yi ta harbin tafin ƙafata, gaban mota yana gurnani, tsakuwa tana watsuwa, motar kuma ta tsaya a miƙe ba ta karkata ko'ina ba. Shekara shida ina tuƙa ta, wannan ne karo na farko da na ji ABS ɗinta da gangan. Na yi sau shida. A na ƙarshe na murɗa sitiyari ina cikin takawa, ta bi hannuna ta kauce wa wani dutse da Baba ya ajiye. Ya gyaɗa kai kawai.

Muka dawo aka sake fitar da iska karo na uku. Kumfa biyu uku a gaba hagu, shi ke nan. Feda ta tsaya a sama, tauri kamar dutsen Birni. Na danne ta minti guda da inji a kunne, ba ta nutse ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na roƙi Baba kada a sayar wa masu gwangwan da tsohon sai na ga cikinsa. Aka kwance kwamfutar daga jiki, ga kawunan bawul takwas a jere kamar ƴan kwalabe. Ba a yi su don a kwance ba, a matse suke cikin alminiyon, sai da zarto. Yaro ya yanka ta gefen ramin gaba dama. A bakin bawul ɗin akwai wata ƴar rariya da ba ta kai ƙwayar wake ba, ta toshe da wani abu baƙi mai danƙo kamar kwalta, ga ɗan jan tsatsa a gindi. Na kankare shi da tsinken ashana, duka bai cika kan tsinken ba. Na ajiye kwamfutar a gida tunda lafiyarta ƙalau, sauran aka auna a kilo.

Lissafi zuwa yau: takalmi da aikin farko 14, baliz sau uku 8, kuɗin motar saƙon da aka mayar 6, bulok 48, mai 9 don sai da na ƙaro rabin lita, hannun Baba 15, ruwa da shayin yara ban ƙirga ba. Jika 100 cif. Mai manyan motoci ya ji jimlar ya kama baki, ya ce da an bi tasa da na sayi rago da canjin. Na ce ragon ya jira babbar salla.

Na rubuta ranar canjin mai da fenti a cikin murfin bonet: 2/2025.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Miriya da dawowa, da uwargida da yara uku da buhun gero da Inna ta ɗora mana. A daidai bedin da na zauna wancan karon na tsaya na zagaya tayoyi. Na gaba biyu ɗuminsu ɗaya, na baya sun fi su sanyi. Na leƙa bonet, goro shida a bushe, mai yana kan layinsa.

Da muna ƙarƙashin motar ranar Talata Baba ya nuna mini tiyon baya na dama ya fara tsattsagewa ta waje. Na yi odar guda biyu, wannan karon na tura wa ƙanena lambar a rubuce kuma na ce ya karanta wa mai shagon da baki. In sun iso kafin azumi za a ɗaura, a sake fitar da iskar baya.